Wutsiyar Gatari

Bayan rasuwar Inna muka buɗe adakar da ta shekara arba'in da wani abu a ƙarƙashin gadonta. A can ƙasa, bayan tsofaffin zannuwa da wata tasbaha da ta tsinke, na ci karo da wani abu mai nauyi naɗe cikin buhun gishiri. Ruwan gatari ne, ba ƙota, tsatsa ta ci shi har ya koma kalar goro. Yayata tana gani ta ce, "Na Kaka ne." Kakanmu mahauci ne a tsohon Zongo, wanda yake tsakiyar Lome kafin a rushe shi a 1977 a kwaso mu nan arewacin gari, wajen kilomita 15, bakin hanyar da ta miƙe zuwa Burkina. Shekarata tara lokacin. Ina tuna Inna zaune a kan wannan adakar a bayan mota, ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta. Inda ɗakinmu yake, yau benayen banki ne.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne in san asalinsa. Mutumin Zongo kuwa ba ya rabuwa da tambayar asali. Tun muna makaranta ake tambayarmu daga ina muka zo, alhali a nan aka binne cibiyarmu. A gidanmu ana cewa uban Kaka ya baro Salaga bayan yaƙin da aka yi a can a 1892, ya ɗan zauna a Kete-Karachi, sannan ya gangaro bakin teku lokacin da Jamusawa suka mai da Lome hedikwatarsu a 1897. In gatarin ya biyo shi, to ya girmi kowa a unguwar nan.

Na hau zemijan, wato babur ɗin haya, na kai wa wani tsohon maƙeri da ke bayan kasuwa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da masaba ya kasa kunne. Ya ce ba na Turawa ba ne: nasu rami gare shi, ƙota ce take shiga cikinsa, kuma galibi akwai hatimin kamfani a kumatunsa. Wannan kuwa wutsiya gare shi, wadda ake gasawa a wuta a soka cikin kan ƙota. Ƙirar gida ce. Amma ƙarfen fa? Ko dai na tama ne, irin wanda mutanen Basar suke narkawa a Banjeli, fatake suna saye a hanyarsu ta Gwanja, ko kuma sifirin ɗin mota ne, wanda ya maye gurbin tama tun wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Ƙarfen tama, in ji shi, yana da jijiya kamar itace, da ɗan baƙin kashin maƙera a jikinsa, tartsatsinsa kuma dogo ne mara reshe. Na sifirin kuwa fashewa yake kamar wasan wuta.

Na ce, "To Baba, a duba mana."

Ya ce, "Ɗana, sai na ci shi da dutse kafin ya yi magana. Abin da dutse ya ci kuwa ba ya dawowa."

Na karɓi abina na koma gida, na kwana biyu ina juya maganar. Tsatsar nan da nake ƙyama ita ce shekarun da ya yi a adakar Inna. Giɓin da ke bakinsa wani ƙashin sa ne ya yi shi, a hannun mutumin da ban sani ba sai a labari. In na bar shi yadda yake, ina da shaida amma ba ni da gatari. In na gyara shi, na sa sabuwar ƙota, na wasa baki har giɓin ya ɓace, me ya saura da zan nuna in ce na Kaka ne? Girkawa sun daɗe da yin wannan gardama a kan jirgin ruwan Tisiyas, wanda aka yi ta canja masa katako ɗaya bayan ɗaya. Ni ban buƙaci jirgi ba. Ina zaune a unguwar da aka canja mata ƙasa, da gidaje, da masallatai, kusan duk dattawan da suka taso da ita sun kwanta dama, kuma har gobe in ka ce wa mai zemijan "Zongo" ba zai tambaye ka wanne ba.

Yayata tana so a naɗe shi a mayar adaka, saboda albarkar Kaka. Wannan ne ya sa na tari malaminmu bayan la'asar. Bai ja maganar ba. Ya ce albarka ba ta zama cikin ƙarfe. In ana son alheri ya kai ga mamaci, addu'a da sadaka ne hanyarsa. Ya tuna mini cewa sura guda a Alƙur'ani sunan ƙarfe take ɗauke da shi, kuma abin da aka ambata game da shi ƙarfi ne da amfanin mutane. Ya ƙara da abin da ban zata ba: gatarin gado ne, sai na nemi yardar sauran magada kafin in taɓa shi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da ƙanina da ke Kumasi, wanda ya yi ta dariya a waya.

Na yarda da Malam, amma ban yarda yayata shirme take ba. Ba bauta wa ƙarfe take nufi ba. Tsoro take kada a goge mutum.

Na jiƙa shi kwana biyu cikin ruwan lemun tsami, na dirje da buroshin waya, na shafe da man ja. Sannan na mayar wa Baba maƙeri. Tartsatsin da ya fito dogo ne, ja, ba reshe. Ya ɗaga kai ya dube ni bai ce uffan ba. Bai rantse cewa na Banjeli ne ba, ni ma ba zan rantse ba. Tsohon ƙarfe ne mai laushi, iyakar abin da dutse ya faɗa ke nan.

Da ya zo sa ƙota ne na lura da wutsiyar. Ita kaɗai ce ba a taɓa wasawa ba, domin duk rayuwarta a ɓoye take cikin itace, kuma sawun masabar wanda ya ƙera ta yana nan raɗau. Sai hadisin nan ya faɗo mini, wanda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa jikin ɗan Adam duk ƙasa tana cinyewa ban da ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, daga shi za a sake harhaɗa halitta. Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafirta masu falsafa a kan mas'aloli uku, ɗaya ita ce musun tashin jiki. Ban kai in shiga tsakaninsu ba, kuma gatari ba mutum ba ne. Amma na tsaya ina kallon Baba yana gasa wutsiyar har ta yi ja, ya soka ta cikin ƙotar darbejiya, hayaƙi ya tashi, wurin da na fi son gani ya sake ɓuya.

Jaka biyu ya karɓa. Da Babbar Salla ta zo, da shi muka sassara ƙashin ragon layya a ƙofar gida. Bakin ya sake yin giɓi a ƙashin cinya, ɗan ƙarami, kusa da inda na Kaka yake a da. Yayata ta karɓa, ta wanke shi da kanta, ta shafa masa mai, ta rataye a bayan ƙofar madafa.