Daga Tramol Zuwa Lazimi: Nasiha Ga Kaina Da 'Yan Uwana Muridai

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai suturta bayinSa, Mai karɓar tuban wanda ya komo gare Shi komai nisan da ya yi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), likitan zukata, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, Ya sanya mu cikin albarkarsu.

Bayan haka, ya 'yan uwana ahbabu, ni ba malami ba ne. Ƙaramin almajiri ne ni, ɗalibin ilimin noma a Jami'ar Diffa. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, domin shari'a ba ta son bawa ya tona abin da Allah Ya rufa masa. Sai da na nemi izinin muƙaddamina, ya ce in rubuta, amma kada in kama sunan kowa, kada kuma in ƙawata saɓo. Ya ce da wuya a sami da'irar wazifa a garin nan wadda babu matashi ɗaya a cikinta da ke ɗauke da irin kayan da na ɗauka, kunya ta rufe masa baki. To, shi nake yi wa wannan rubutu, da kuma manyan da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da shi ba su sani ba.

Shekara biyar na yi ina shan tramol.

An haife ni a wani ƙauye na bakin Komadugu, gabas da Diffa, ta wajen Geskeru. Mahaifinmu manomin tattasai ne, kamar kusan kowa a wannan kwari. Da tattasai ake aure, da shi ake biyan bashi, da shi ake zuwa Makka. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, bayan 'yan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, man inji da takin zamani suka yi wuyar samu. Kafin shekarar ta ƙare ƙauyukan bakin kogi da yawa sun watse. Mu ma muka kwashi abin da kai zai iya ɗauka, muka koma bakin babbar hanya muka kafa bukka, kamar dubban mutane. Shekarata 14 a lokacin.

Mun bar tattasai a gona ya fara ja. Da abinci ya ƙare, aka yanke shawarar a koma a ɗauko injin ban ruwa a sayar. Yayana ya ce in raka shi, don injin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsoro ya kama ni, na ce cikina ke ciwo, alhali lafiyata ƙalau. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in kwanta in huta. Da asuba ya tafi shi kaɗai. Har yau bai dawo ba. Babu gawa, babu jana'iza, babu kabarin da za a tsaya a yi masa addu'a.

Ban faɗa wa kowa ƙaryar da na yi ba. Mutane suka yi ta cewa mu yi haƙuri, ni kuma na ɗauka haƙuri shi ne yin shiru. Kawuna ya ɗauko ni zuwa cikin Diffa na ci gaba da makaranta. A Oktoban 2017 aka ɗage haramcin cinikin tattasai, kasuwa ta farfaɗo, na riƙa zuwa dako idan an tashi daga aji. A nan ne, cikin 2018, wani abokin aiki ya gutsura mini rabin ƙwaya, ya ce maganin gajiya ne. Gajiyar ta tafi. Amma abin da ya mayar da ni wurinta washegari daban ne: a wannan dare, karon farko cikin shekara uku, na kwanta ban ga bayan yayana yana tafiya cikin duhun asuba ba.

Ga wanda bai san ta ba, tramol maganin zafin ciwo ne mai ƙarfi, likita ke rubuta shi. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wadda ake sayarwa a lungu tana zuwa da 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya. Jiki yana sabawa da ita da sauri, abin da ya ishe ka yau ba ya isar ka wata mai zuwa. Ni na kai ga shan huɗu a yini. Idan ta yi yawa tana kayar da mutum ya yi ta jijjiga kamar mai farfaɗiya, tana kuma iya tsayar da numfashi.

A cikin wannan hali na karɓi ɗariƙa a 2019, a cikinsa na ci BAC, a cikinsa na shiga jami'a. Na tuba ban san iyaka ba. Na taɓa dafa Alƙur'ani na rantse, na taɓa watsa sauran ƙwayoyin cikin kogi. Kwana uku sai zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci su taso, bayansu kuma mafarkin nan ya dawo, sai in koma. Duk komawa tana ƙara mini ƙin kaina. Na fara barin lazimi, ina cewa bakin da ya haɗiyi wannan abu bai cancanci ambaton Allah ba. Wannan ita ce babbar dabarar Shaiɗan a kaina: ya sa na ga barin zikiri kamar ladabi ne.

Wata rana a 2023, bayan magariba, ina cikin da'irar wazifa, an shimfiɗa farin ƙyalle za a shiga Jauhara, sai na faɗi ina jijjiga. Da na farfaɗo na ji wasu na cewa jazabu ne, wani har yana shafa kaina don neman albarka. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba. Malam bai ce komai ba, ya sa aka kai ni asibiti. Washegari ya zo da kansa, ya sallami kowa, ya zauna a bakin gado. Ya yi mini magana da Barbarci, harshen da mahaifiyata ke lallashina da shi ina yaro. Ya ce: "Ɗana, ba zan tambaye ka me kake sha ba, na sani. Faɗa mini, me kake gudu?" Na buɗe baki in ce ba komai, sai kuka ya ƙwace mini. Ranar na faɗi labarin ciwon cikin ƙarya, bayan shekara takwas.

Daga baya wani darasi da aka yi mana a jami'a ya ƙara buɗe mini abin. Ruwan Komadugu ba namu ba ne. Daga kogunan Hadeja da Jama'are yake fitowa, ruwan sama ne da ya zuba can ƙasar Kano da duwatsun Jos, ya yi ta tafiya makonni kafin ya iso mu a hanyarsa ta zuwa tafkin Chadi. Shi ya sa ambaliya ke cin unguwannin Diffa a watan Oktoba, kamar yadda muka gani a 2019 da 2022, lokacin da damina ta riga ta ɗauke, sama tana fes. Wanda ya dubi sama kawai ba zai gane daga ina ruwan yake ba. Haka na kasance. Ƙwayar da nake sha a 2023 ruwa ne da ya zuba tun 2015. Shekara da shekaru ina jera buhunan yashi a ƙofar gida, ban taɓa waiwayar mafarin ruwan ba.

Malam ya karantar da ni abubuwa uku da ba zan manta ba. Na farko, baƙin ciki ba ya kore haƙuri. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi kukan rashin ɗansa Yusufu har ganinsa ya tafi, ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba. Shugabanmu (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau da sunan baƙin ciki ake kiranta. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Faɗin inda ke yi maka ciwo ga wanda zai taimake ka bai shiga ciki ba.

Na biyu, Allah da kanSa bai raba sahabbai da giya a rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara aka nuna cutarta ta rinjayi amfaninta, a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Suratul Ma'ida aka yanke hukunci. Nana A'isha (RA) ta bayyana cewa sai da zukata suka ginu da imani sannan hani ya sauka, da shi aka fara da mutane ba su iya bari ba. Wannan ba ya nufin maye ya halatta ga kowa yau ko da na yini ɗaya. Darasin shi ne zuciya ake fara gyarawa, sannan hannu ya iya saki.

Na uku, a cikin Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawo shi gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da ManzonSa. Malam ya ce: "Ran da ke zarginka duk dare, shi ne wanda Allah Ya rantse da shi a Suratul Ƙiyama. Alama ce ta cewa zuciyarka ba ta mutu ba. Amma zargi tasha ce a hanya, ba a gina gida a tasha. Gaba da ita akwai natsuwa."

Ga abin da na bi, ko Allah zai sa wani ya amfana. Na fara da likita, bisa umarnin Malam. Ya ce wanda ya karye a ƙafa ba ya ƙin maɗori don yana da wuridi. Likita ya riƙa rage mini adadin sannu a hankali, domin yankewa lokaci ɗaya ita ke jefa mutum cikin wahalar da ke mayar da shi baya. Kusan wata biyu muka yi a haka.

Sannan na je wurin mahaifiyata. Wannan ya fi mini barin ƙwayar wuya. Na durƙusa na ce: "Inna, ranar nan cikina bai yi ciwo ba." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce: "Na sani tun ranar. Na kuma gode Allah da ka ji tsoro, da ka bi shi da biyu na rasa. Ni ce na ce ya tafi, ni ce ban yi barci ba shekara takwas." Ashe kaya ɗaya muke ɗauke da shi, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa. Muka yi kukan da ba mu yi ba a 2015. Mahaifinmu ya sa aka sauke Alƙur'ani, aka yi sadaka, muka miƙa lamarin yayana ga Allah, ko yana raye ko ya riga mu. Tun daga lokacin mafarkin ya fara raguwa.

Na koma ga lazimi. Lokutan da nake haɗiyar ƙwaya su ne bayan asuba da bayan la'asar, kuma su ne daidai lokutan wuridi. Istigfari 100, salati 100, hailala 100. Malam ya ce in daina yin istigfari kamar mai dukan kansa, in yi shi kamar yaron da ya dawo gida. Idan sha'awar ta taso, na lura takan hau ta kai ƙololuwa sannan ta sauka. In na yi alwala na riƙe carbi, sau da yawa kafin in gama ta lafa.

Na kuma sake wurin zama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na bar fadar da nake shan shayi, Malam ya haɗa ni da 'yan uwa biyu da suka san sirrina, ya ba ni hidimar share zawiyya da cika butoci kafin magariba, don a san inda nake a lokacin da na fi rauni.

Kada in ɓoye muku, na faɗi sau biyu bayan haka. Na kuma tarar cewa da ƙwaya ta fita, waya ta shiga gurbinta: sai in kai ƙarfe uku na dare ina murza Facebook da TikTok, har na fara leƙa cacar ƙwallo. Ciwon ɗaya ne, riga kawai ya sake. Yanzu bayan isha'i nakan miƙa wayar ga abokin ɗakina. Abin da ya riƙe ni a duk faɗuwa wata ƙa'ida ce ta ɗariƙarmu: wanda lazimi ya kuɓuce masa ramawa yake yi, ba ya cewa shi ke nan na fita. Na tashi na rama. Yau na haura shekara ɗaya da rabi ban taɓa ta ba, kuma ba na amince wa kaina ko da yini ɗaya.

Ya ku iyayenmu muƙaddamai da manyan zawiyya, yaran da suka tashi a kwarin nan daga 2015 zuwa yau sun ga abin da yaro bai kamata ya gani ba. Idan kun ga ɗayansu ya rame, idonsa ya sake, ya fara tsallake wazifa, don Allah kada a fara da kora ko gori a cikin taro. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku ja shi gefe, ku tambaye shi abin da Malam ya tambaye ni, ku riƙe sirrinsa, ku raka shi wurin likita.

Kai kuma ɗan uwana da ke karanta wannan da ƙwaya a aljihu, na san ba daɗi kake nema ba, sauƙi kake nema. Kada ka jira sai ka tsarkaka sannan ka zo wazifa, ba a wanka kafin a je rafi. Nemi mutum ɗaya mai amana cikin makon nan ka faɗa masa gaskiya, ta ƙwayar da ta abin da ke ƙarƙashinta. Kada ka yanke ta kai kaɗai a ɗaki, je asibiti.

Ya Allah, don alfarmar Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), Ka warkar da zukatanmu, Ka yaye wa duk wanda wannan jarrabawa ta kama, Ka bayyana waɗanda suka ɓace, Ka jiƙan waɗanda suka rasu, Ka dawo da zaman lafiya bakin Komadugu da ƙasarmu baki ɗaya. Wanda ya karanta ya sa ni da yayana cikin addu'arsa bayan wazifa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.