Babba da Ƙarami: Wa Ya Cancanci Kulawa?

Ya kai mai karatu, ga halittu biyu. Ka auna su a zuciyarka.

Na fari kifi ne na teku, dangin shak, wanda masana ke kira Rhincodon typus. Ba kifin da ya kai shi girma a duniya. Tsawonsa yakan kai mita 12, wani ma ya fi haka. Duk da girmansa ba ya cutar mutum, ƙananan halittun cikin ruwa yake tacewa ya ci. Amma mutane sun yi ta kashe shi domin nama da fiffike, taru yana kama shi, jiragen ruwa suna buge shi. Indiya ta hana kamunsa a 2001. A 2016 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke ƙarewa, ta sa shi cikin masu haɗari, gama yawansa ya ragu fiye da rabi cikin shekara 75.

Na biyu gansakuka ce, Thamnobryum angustifolium. Tana tsiro a jikin dutse mai laima, kusa da maɓuɓɓuga, a yankin Dabisha na Ingila. Babban gungunta a can bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba. A lissafin nan ta fi kifin kusa da ƙarewa. Ba mai farautarta domin ciniki. Fari, ko ƙazantar ruwa, ko takun mai hawan dutse ya isa ya hallaka ta.

To, wa ya fi cancanta a kula da shi? Mutane suna tafiya mai nisa su ga kifin. Gansakuka kuwa, wa ya san da ita? Kwaɗayi ne ke kashe babba. Ƙarami kuwa, rashin lura ne. Mai taka ta zai ce, “Ai ban gani ba.” Amma abin da ya mutu ya mutu.

Girma ba shi ne ma'aunin daraja ba. Wanda ba shi da murya, shi ya fi bukatar mai duba shi.

Haka yake a gidajenmu. Idan mai gari ya yi zazzaɓi, kowa yakan je gaisuwa. Tsohuwar da ke ƙarshen unguwa fa? Marayan da ba ya ƙara fa? Ba ka zalunce su ba, ka ce. Amma yaushe rabonka da leƙa su? Kafin rana ta faɗi yau, ka je ka duba.