Tsakanin Hattara da Mummunan Zato

Matafiyin da ya sauka Faris ko Roma ko Basalona, gargaɗin farko da akan yi masa shi ne ya kula da 'yan sane, musamman a tashoshi da jiragen ƙarƙashin ƙasa. Wani kan tare shi da takarda, wai ya sa hannu don taimakon kurame, alhali abokinsa na laluben aljihu. To, Musulmin da Suratul Hujurati ta hana shi yawan zato, yaya zai yi?

Lalle akwai bambanci. Zato hukunci ne da zuciya ke yanke wa wani ba da shaida ba. Hattara kuwa ba ta wuce kan mutum da kayansa. Wanda ya raba kuɗinsa gida biyu, ya bar hoton fasfonsa a masauki, ya haddace 112, lambar neman agaji, bai tuhumi kowa ba. Annabi Yakubu, alaihissalam, ya umurci 'ya'yansa su shiga Masar ta ƙofofi dabam-dabam, bai kuwa kira Misirawa miyagu ba.

Inda ƙafa kan zame shi ne ya ga mabarata ko baƙin haure, ya yi musu kuɗin goro, ya ce dukansu ɓarayi ne. Shi kansa, in baƙar fata ne, watakila mai kanti ya bi shi da irin wannan kallo tun kafin ya taɓa kome.