Masallacin Juma'a Nawa Gari Ɗaya Yake Buƙata?

Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka mai da Dutse babban birnin jiha. Garin da aka sani da duwatsu da dabino da fadar sarki a Garu sai ga ma'aikata suna kwararo masa daga Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. A 2011 jami'ar tarayya ta zo da tata jama'ar. Gonakin gero suka koma filaye, filaye suka koma unguwanni. Ina cikin waɗanda aiki ya kawo, kuma cikin duk sauyin da na gani, yawaitar masallatan Juma'a ya fi sa ni tunani.

Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a wannan mas'ala. A Muhtasar na Shehu Halil, idan masallatan Juma'a suka yawaita a gari guda, sallar tsohon masallaci ce ingantacciya. Littafin Risala kuma ya wajabta halarta ga duk wanda ke cikin mil 3 daga gari. A Madina ma akwai masallatan unguwanni na salloli biyar, amma ranar Juma'a har mutanen Awali, da ke bayan gari, saukowa suke yi su bi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga baya malamai suka yi rangwame saboda larura, kamar ƙuncin wuri. Ban ga laifin rangwamen ba. Tsohon da ke unguwar Gida Dubu, ba shi da babur, ba a ce masa sai ya tako har Garu da ranar Afrilu ba.

Damuwata ita ce wane irin dalili muke kira larura. Na zauna a taron da ake shawarar fara Juma'a a wata sabuwar unguwa. Babu wanda ya ce masallacin da ke kusa ya cika. Abin da aka yi ta nanatawa shi ne limamin can ba namu ba ne, mu ma ya kamata a san da zamanmu. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malamai, idan kun ware, a ina zan riƙa ganinku?" Aka yi shiru, sannan aka ci gaba da lissafin bulo da kwano.

Tambayar dattijon nan fiƙihu ce tsantsa. A garin da ke girma, ɗan gari da baƙo ba su da mahaɗa da yawa. Ma'aikaci yana fita ofis da safe, ya dawo ya ja ƙofar gida. Manomin da ya sayar masa da filin yana can cikin gari. Sai ranar Juma'a kafaɗarsu ke haɗuwa, wannan ya janye buzunsa ya matsa wa wancan. Bayan sallama ladan ya yi sanarwar rasuwa, ko ya roƙa wa marar lafiya taimako, mutum ya ji sunan da bai sani ba, ya sa hannu a aljihu. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To, baƙon da ya gina gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta, ya binne mahaifiyarsa a maƙabartar garin, ba mai tashi da hantsi ba ne. Yana da haƙƙi a kan mutanen gari, su ma suna da haƙƙi a kansa, kuma ba a sauke haƙƙin wanda ba a sani ba.

Suratut Tauba ta ba da labarin masallacin da aka gina don raba kan muminai, aka hana Annabi tsayuwa a cikinsa. Ba na jingina wa kowa wannan hukunci, Allah ne masanin zukata. Amma darasin a fili yake: gini da sunan ibada ba ya wanke niyya. Don haka kafin a haƙa harsashi, masu shawara su tambayi kansu tsakani da Allah, wuri ne ya yi musu kaɗan, ko mutanen da ke sahun ne ba sa so. Idan wuri ne, Allah ya sa albarka. Idan mutane ne, a sayo tabarmi a ƙara sahu a tsohon masallaci.