Rai a Ƙarƙashin Kututture

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa Tibiri zuwa Gidan Rumji a lokacin bazara, zai tarar da manoma a gonaki suna sassabe. Ana tara karan bara, ana cinna wuta, hayaƙi na tashi nan da can. Cikin abin da gatari yake bi akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙulen ganye da ba su wuce gwiwa ko ƙugu ba: sabara, kalgo, geza, taramniya. Mai wucewa zai ɗauka ƙirare ne marasa amfani. Alhali itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, wasu tun zamanin kakanni. Kututturen ya nutse cikin rairayi, amma saiwar tana nan da ranta, ta yi zurfi har inda laima take. Kowace shekara sai ta tofo, kowace shekara kuma a sare tohon, ko awaki su cinye, ko wuta ta lashe shi. Haka ake yi shekara da shekaru, ita ba ta mutu ba, su kuma ba su bar ta ta tashi ba.

A wannan ƙasa ta jihar Maraɗi ne wani abu ya faru da waɗannan kututturai, wanda ya kamata kowane Kirista mai fama da wahala ya san labarinsa.

A shekarar 1981 wani matashi ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya iso Maraɗi tare da matarsa. Ya karanci aikin gona, ya zo ne a ƙarƙashin mishan ɗin SIM, wadda ta kafa aiki a Damagaram tun 1924, ta kuma buɗe tasha a Tibiri a ƙarshen shekarun 1920. Ƙasar da ya tarar ta sha farin shekarun 1970, an kuma share gonaki ƙal saboda noman gyaɗa da hatsi. Iska kan kwashe ƙasar sama, ta binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku a damina guda. Mata kan yi tafiyar wuni neman itacen girki, in ya gagara a ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Maganin da kowa ya sani a lokacin shi ne dashe. A reni itatuwa a leda, dogon yaro da turare da makamantansu, a ɗora a mota a kai ƙauyuka. Rinaudo ya yi wannan aiki da zuciya ɗaya, amma mafi yawan dashen ya mutu. Rana ta ƙona wasu, gara ta ci wasu, awaki suka ƙarasa saura.

A 1983, kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, yana kan hanyar kai dashe ƙauye sai ya tsaya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Ya dubi gabas da yamma, kudu da arewa, ba itace. Gwiwarsa ta yi sanyi. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah gafara saboda yadda mutane suka ɓata abin da ya halitta, ya roƙe shi ya buɗe masa ido ya nuna masa abin yi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan dunƙulen ganye a gefen hanya, irin waɗanda ya sha wucewa bai kula ba. Ya matsa ya dubi ganyen, ya gane cewa itace ne, ba ciyawa ba. Nan take ya fahimci cewa gonakin da yake gani tsirara cike suke da saiwoyi masu rai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne irin amsar da aka ba wannan addu'a. Ba a yi ruwa a ranar ba. Ba a aiko masa da kuɗi ko sabon iri mai jure fari ba. Rairayin yana nan yadda yake, talaucin ƙauyukan yana nan. Ido kawai aka buɗe masa, ya ga abin da Allah ya riga ya ajiye a wurin tun kafin a haife shi. Mu kuwa, in wahala ta same mu, yawancin addu'armu ta neman dashe ce: a kawo mana sabon abu daga waje, sabon aiki, sabon gari, wani mai hannu da shuni da zai ɗauke mana nauyi. Ba laifi ba ne a roƙi haka, kuma Ubangiji yakan bayar. Amma sau da yawa taimakon yana cikin abin da muka riga muka yanke wa ƙauna: sana'ar da muka raina, ɗan'uwan da muka daina gaisawa da shi, auren da muka ce ya mutu, yaron da muka ce ba zai shiryu ba. Muna taka shi kullum muna kuka babu.

Aikin da ya biyo baya ba shi da wuya a faɗa. In ka zo sassabe, kada ka aske kututturen duka. Ka duba tohon, ka zaɓi 'yan ƙalilan mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare saura, ka rage rassan ƙasa na waɗanda ka bari. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, duk ƙarfinta sai ya koma kan waɗannan 'yan sanduna, su yi girman da dashe ba zai taɓa kamo su ba. Cikin shekara uku ko huɗu abin da yake iya gwiwa ya wuce kan mutum. Manoma suka sa wa wannan aiki suna sassabin zamani. Ba ya cin ko dala, gatari ko adda ne kawai da ido mai lura. Gaskiya kuma ita ce ba sabon ilimi ba ne ɗungum, don akwai manoman da suka gāji barin gawo a gona tun kaka da kakanni, sun san yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani.

Amma faɗa daban, yi daban. Manoma ƙalilan ne suka yarda su gwada da farko, suka kuwa sha dariya. A lokacin, gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki, wanda ya bar ƙirare a gonarsa rago ne. Ana tsoron inuwa ta hana hatsi yi, ana tsoron tsuntsaye. Da dare wasu kan shiga su sare abin da maƙwabci ya rena. Ga kuma doka: itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji suna iya cin mutum tara in ya sare itace ko da a gonarsa ne. To wa zai reni abin da ba nasa ba?

Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a shekarar. Rumbuna suka ƙare, maza suka watse neman abinci. Mishan ta shiga rabon cimaka a ƙauyuka kusan 100, bisa sharaɗin cewa mai karɓa zai reni kututturan gonarsa. Ta haka aka tsare itatuwa wajen 500,000. Da damina ta gyaru aka daina rabo, sai aka bi kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare.

Ba na zargin waɗanda suka sare. Mai yunwa yakan amsa kowane sharaɗi, kuma ba a gamsar da su ba tukuna. Amma ina ganin fuskarmu a cikin abin da suka yi. Majami'a takan cika a shekarar wahala. Mai ciwo ba ya fashin addu'ar asuba, mai neman haihuwa ba ta fashin taron zumuntar mata. Da buƙata ta biya, ko kuma da aka ga ta ƙi biya, sai a sa gatari a sare abin da ya fara tofowa a zuciya. Yesu da kansa ya faɗa wa taron da suka bi shi bayan ya ciyar da su cewa gurasar ce ta kawo su, labarin yana cikin Bisharar Yohanna sura 6. Dogaro ga Allah da aka ƙulla da buhun hatsi, ranar da buhun ya ƙare shi ma ya ƙare.

Kashi ɗayan da suka bar itatuwansu su ne suka ɗauki aikin. Ba su yi wa'azi ba. Maƙwabta ne suka ga matansu sun daina tafiya mai nisa neman itace, suka ga iska ba ta binne shukarsu, suka ga suna kai itace da sandunan rufi kasuwa. Daga gona zuwa gona, daga ƙauye zuwa ƙauye abin ya bazu, yawancin masu yinsa kuwa Musulmi ne, don ƙasar tasu ce tare da 'yan tsirarun Kiristocin da ke cikinsu. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na dā da na yanzu, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, gidajen da ke da itatuwa sun sami abin sayarwa su sayi tiyar hatsi. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena.

Littafi Mai Tsarki ya san kututture. A sura 14 ta littafinsa, Ayuba ya yi maganar itacen da aka sare, wanda saiwarsa ta tsufa a ƙasa, amma da ya ji ƙanshin ruwa sai ya sake tofowa. Masu wa'azi suna son wannan wuri, sai dai sukan tsaya a rabi. Ayuba ba murna yake yi ba, kuka yake. Cewa yake itace ma ya fi mutum sa'a, don itace yana da begen tashi, mutum kuwa in ya kwanta ya kwanta. Wanda ya binne 'ya'yansa goma ne yake wannan magana, kuma Allah bai goge ta daga Littafinsa ba. Saboda haka, ɗan'uwa, in ka je gaisuwar makoki kada ka yi saurin cewa kome zai dawo. Ba kowane kututture ke tofowa ba. Akwai wanda gara ta cinye, akwai wanda aka tone aka yi gawayi da shi. Uwar da ta rasa ɗanta a 2005 ba a mayar mata da shi da itatuwa miliyan 200 ba. Ayuba ma da aka sake ba shi 'ya'ya, na farkon suna kabari.

Amsar tambayar Ayuba ba a gona take ba. Annabi Ishaya, a sura 11, ya kwatanta gidan sarki Dawuda da itacen da aka sare har ya rage kututture, ya ce daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda, toho zai fito. Ɗaruruwan shekaru suka wuce ba sarki a gidan. Mu Kirista mun gaskata tohon nan shi ne Yesu Almasihu, wanda shi ma aka sare a kan gicciye, aka binne, ya tashi a rana ta uku. A kan wannan bangaskiyarmu ta tsaya. Ba a yi mana alkawarin cewa duk abin da muka rasa zai dawo kafin mu mutu ba. Alkawarin shi ne mutuwa kanta ba ta da magana ta ƙarshe a kan wanda yake cikinsa. Wanda ya riƙe wannan yana iya yin kuka sosai, ya share hawaye, ya ɗauki addarsa ya koma gona.

Gundumar Gidan Rumji tana da sababbin sararru a yau, amma mutane ne, ba itatuwa ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako iyaka daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu ƙauyukan bakin iyaka na ɓangaren Nijar su ma ba su tsira daga satar shanu da satar mutane ba. Mutumin da ya bar gonarsa da rumbunsa da kabarin ubansa, da ya fara tofowa abu kaɗan ke karya shi: bashin da aka matsa masa, gorin baƙunta, ranar da yara suka kwana da yunwa. Mutanen Ɗan Saga sun gane cewa toho ba ya tsare kansa, shi ya sa suka naɗa masu gadi. Ikilisiyoyin Tibiri da Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye ƙanana ne, ba su da dukiya, amma suna da ƙafar zuwa gaisuwa, suna da tiya guda da za a raba biyu, wasu suna da gefen gonar da za su ara wa baƙo ya shuka wake. Kada a tsaya tambayar addinin wanda ya zo kafin a ba shi, kada kuma a ɗaura masa sharaɗi a bakin buhu, don mun ga abin da sharaɗi ya haifar bayan 1984.