Kurciya a Kan Reshe, Gaskiya a Cikin Hoto

Karatu: Luka 12:6-7, Ayyukan Manzanni 5:1-11

Mai son ɗaukar hoton tsuntsaye ba ya bukatar tafiya mai nisa. A bishiyar mangwaro ko darbejiya ta tsakar gida, kurciya da gwara da marai suna sauka kowace safiya, wani lokaci har alhudahuda takan zo tonon ƙasa a gindin shuka. Abin da ake bukata shi ne haƙuri: a ajiye ruwa a kasko, a zauna shiru, a jira. Wannan zama yana da albarka, gama Ubangijinmu Yesu da kansa ya umarci almajiransa su lura da tsuntsaye, domin su koyi dogara ga Uba.

Amma aikin ba ya ƙarewa a lambu. Bayan ɗauka sai gyara, a waya ko a kwamfuta. Tun da manhajar Photoshop ta fito a shekara ta 1990, gyaran hoto yana ta ƙara sauƙi, har yau ya zama aikin yatsa ɗaya. A nan tambaya take tasowa ga mai bi: ina iyakar gyara, ina kuma mafarin ƙarya?

Bari mu fara da yi wa gyara adalci. Kyamara ba ta gani kamar idon mutum. Idan kurciya ta zauna a reshe, sararin sama mai haske yana bayanta, ido yana ganin launin gashinta sarai, amma a hoto takan fito baƙa ƙirin kamar inuwa. Wanda ya ƙara mata haske, ko ya yanke gefen hoton don ta fito kusa, bai yi ƙarya ba. Ya mayar mata da abin da na'ura ta rage ne. Irin wannan gyara hidima ce ga gaskiya.

Akwai kuma wani iri dabam. Mutum ya ɗauki tsuntsu ɗaya, ya liƙa na biyu kusa da shi. Ya share fiffiken da ya karye. Ya zuba launin da Mahalicci bai ba gwara ba. Sa'an nan ya nuna wa jama'a, ya bar su suna tsammani haka ya gani. Ko masu shirya gasa ba sa yarda da irin wannan. A shekara ta 2018, gidan adana tarihin halittu na birnin Landan ya karɓe kyautar da ya ba wani hoto da aka ɗauka a ƙasar Brazil, bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke ciki matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Hoton yana da kyau ƙwarai, amma kyau bai cece shi ba.

Labarin Hananiya da Safiratu yana haskaka wannan al'amari. Manzo Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa filin nasa ne, kuɗin ma yana hannunsa bayan sayarwa. Laifinsa shi ne ya miƙa rabo kamar shi ne duka. Haka hotonka naka ne. Kana da 'yancin mayar da shi zane mai ƙayatarwa, muddin ka faɗa. Ma'aunin mai sauƙi ne: za ka iya gaya wa mai kallo duk abin da ka yi wa hoton ba tare da jin kunya ba? Gyaran da sai an ɓoye shi yake da amfani ya riga ya zama shaidar zur.

'Yan'uwa, zancen ya wuce hoto. Sa'ad da muka tashi ba da shaida a cikin sujada, sau nawa mukan ƙara wa labarin gishiri? Zazzaɓi ya zama ciwon ajali, taimakon da maƙwabci ya kawo a share shi don mu'ujizar ta fi girma, watannin shakka da kuka a yanke su. Mukan ce don ɗaukakar Allah ne. Amma mai ƙara wa aikin Allah launi yana cewa ne a ransa aikin bai isa ba. Ita kuma 'yar'uwar da ke zaune a baya, wadda addu'arta ba ta sami amsa ba tukuna, takan koma gida tana tsammani ita kaɗai Ubangiji ya manta.

Yesu bai yi misali da ɗawisu ba. Ya zaɓi tsuntsun da ya fi kowane araha a kasuwa, ya tabbatar mana ko ɗayansu bai ɓace wa Allah ba. Wanda yake kula da gwara da launinta na ƙasa-ƙasa ba ya bukatar mu shafe karyayyen fiffikenmu kafin ya karɓe mu.

Addu'a: Ya Uba, Mahaliccin tsuntsaye, ka ba mu idon da zai ga aikinka yadda yake, da harshen da zai faɗe shi ba ƙari ba ragi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.