Bashin da ke kwance a fadama

A fiƙihun da muka karanta a zaure, malam ya raba mana abu biyu da mutane ke yawan cuɗawa, wato zunubi da lamuni. Maharbin da ya auna barewa kibiyarsa ta sami mutum bai yi kisan ganganci ba, amma diyya tana nan. Yaron da bai balaga ba idan ya fasa tulun maƙwabci ba a rubuta masa laifi, sai dai a biya daga dukiyarsa. Wannan babin ne yake yawan dawo mini tun da na yi aikin malamin gona a kwarin Haɗeja, saboda ƙasar da muke nomawa tana riƙe da wata ɓarna da masu yin ta ba su nufa ba.

Magabatanmu sun yi feshi, kuma da kyakkyawar niyya suka yi. A 1939 Paul Müller, mutumin Suwizalan, ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Da DDT ɗin da wani magani mai suna dieldrin aka yaƙi ƙudan tsando a bakin kogunan Arewa, makiyaya suka sami wuraren kiwo. Da dieldrin aka tari farin dango a Sahel. Duk wanda ya taɓa ganin fara ta cinye gero a wuni guda ba zai zagi mai feshin ba. Ni ma ba na zaginsa.

Matsalar ita ce waɗannan magunguna ba sa ruɓewa da wuri. Kafin rabin DDT ya gushe daga ƙasa yakan ɗauki shekara 2 zuwa 15, abin da yake rikiɗewa ya zama, DDE, shi ma naci gare shi. Ba su cika narkewa a ruwa ba, maiƙo suke so da ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka ba daidai suke bazuwa ba. Jigawa mai rairayi kaɗan take riƙewa. Baƙar ƙasar fadama mai dausayi, wadda magada ke rigima a kanta ranar rabo, ita ce ke riƙe kaso mafi yawa, musamman a saman da garma ke juyawa, sai kuma taɓon kwari inda ruwan damina ke tara abin da ya kwaso. Kaza ta tona ta ci tana, abin ya taru a gwaiduwa. Saniya ta ci ciyawa haɗe da ƙasa, ya shiga man shanu. Daga nan sai nonon uwa. Wani kason kuma zafin rana ya ɗaga shi, iska ta yi ta tafiya da shi zango-zango har ƙasashen ƙanƙara, inda aka same shi a nonon matan Inuwit na arewacin Kanada, mutanen da ba sa noma balle feshi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muka saba gane ƙazanta. Ruwa muna duba launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Ƙasa kuwa asalinta tsarki ne, da ita muke taimama. Ba na jayayya da wannan, ƙasar fadamar tana nan da tsarkinta, salla a kanta ta yi. Sai dai tsarki daban, rashin cuta daban, kuma wannan cutar ba ido ba hanci da ke kama ta.

To wa zai biya? Ra'ayina, tsohon da ya saɓa tankin feshi a bayansa ba takalmi ba safar hannu, ba shi da zunubi, shi ne ma farkon wanda aka cuta. Nauyi yana ƙaruwa ne gwargwadon sani. Marubuciya Rachel Carson ta fallasa illar a 1962, Amurka ta hana amfani da DDT a gonakinta a 1972, amma aka ci gaba da sayar wa ƙasashe irin namu waɗannan magunguna shekaru bayan nan. Sai a 2001 aka sa hannu a Yarjejeniyar Sitokholm kan hana ko taƙaita sinadarai 12, ta fara aiki a 2004. Lindane, wanda muka sani da gamalin, wanda wasu masunta suka riƙa zubawa a kogi kifi ya taso, sai 2009 ya shiga jerin. Wanda ya sayar yana sane, lamuninsa bai faɗi don shekaru sun wuce ba.

Mu ma yanzu mun shiga sahun masu sani. Kafin a raba gado ana fitar da bashin mamaci, ina kuma ganin wannan ma bashi ne da ke wuyan gonar. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Idan mutum ya san a kusurwar gonarsa aka jibge gangunan magani, ko nan ake wanke tankin feshi, ko nan ake ƙona shara da leda, wadda tokarta ke barin gubar dayoksin, ban ga hujjar da zai sayar ko ya ba da aro ya yi shiru ba. Ya faɗa, a killace wurin, a hana kaji da yara zuwa, kada a shuka alayyafo ko a haƙa rijiya a kusa. Ina roƙon malamanmu masu rabon gado su riƙa tambayar magada wannan, kamar yadda suke tambayar iyaka da jingina.